Wa Ya Ci Muhawara? Hukuncin Da Ake Yankewa Bayan An Kashe Talabijin

Wa ya ci? Tambayar da take cika gari ke nan duk daren da 'yan takarar shugaban ƙasa suka tsaya gaban kyamara suna musayar yawu. Kafin mai gabatarwa ya gama sallama Facebook ya riga ya ɗau zafi, kowane ɓangare ya saki hoton gwaninsa da rubutu a ƙasa cewa ya yi wa sauran kaca-kaca. Washegari a teburin mai shayi, a cikin adaidaita sahu, a layukan Kantin Kwari, zancen ke nan. Wanda ya kalla yana da hukuncinsa, wanda bai kalla ba ma yana da nasa, kuma sau da yawa shi ne ya fi ɗaga murya.

Yanzu da guguwar 2027 ta fara kaɗawa, maganar ta sake tasowa: za a yi muhawara kuwa? Wa zai zo, wa zai zille? Wasu sun ɗauka duk wanda ya ci muhawara ya kama hanyar fadar shugaban ƙasa. Wasu kuma suna ganin wasan 'yan boko ne da ba ya tsinana wa talaka komai. Mu a Kano ba sai mun je Amurka aron misali ba, domin 'yan jiharmu uku sun hau irin wannan dandamali: Bashir Tofa a 1993, Ibrahim Shekarau a 2011, da Rabi'u Musa Kwankwaso a 2022.

Muhawara daban, gangami daban

Abubuwa da yawa muke haɗawa mu kira su muhawara, alhali ba ita ba ce. Muhawara ita ce a tara 'yan takara biyu ko fiye a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a yi musu tambaya iri ɗaya, a ba kowa mintunansa. Gishirinta kuwa shi ne damar mayar da martani: kai ka faɗi naka, abokin hamayyarka yana tsaye a gefenka, ya ce ƙarya kake ga hujja, kai kuma ka kare kanka nan take ba tare da wani ya raɗa maka amsa ba.

Gangami kowa ya san shi. A cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mawaƙa su yi awa uku suna zuba, ɗan takara ya karɓi makirfo minti goma, duk abin da ya faɗa a amsa masa da ihu. Ba mai tambaya a nan.

Akwai kuma taron tambaya da amsa, inda ake zaunar da ɗan takara shi kaɗai ko da mataimakinsa. Irinsa ne Kadaria Ahmed ta gabatar a Janairun 2019, inda Buhari da Osinbajo suka zo rana guda, Atiku da Peter Obi suka zo wata ranar. Yana da amfani, amma ba a haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya ba. Haka zaman da Bola Tinubu ya yi a Chatham House da ke Landan a Disambar 2022, inda ya miƙa wasu tambayoyin ga 'yan tawagarsa, ciki har da Nasir El-Rufai, su amsa. Magoya bayansa suka ce alamar shugaba mai aiki da jama'arsa ce, 'yan adawa suka ce gudu ne. Ko ma wanne ne, ba muhawara ba ce.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: babu dokar da ta wajabta wa ɗan takara zuwa muhawara a Najeriya. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya nemi ya zama haifaffen ɗan ƙasa, ya kai shekarun da aka gindaya (an rage su daga 40 zuwa 35 a 2018), jam'iyya ta tsayar da shi, kuma yana da ilimin da ya kai matakin sakandare. Sashe na 134 ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ba a ambaci muhawara ko sau ɗaya ba. Ba INEC ce take shirya ta ba; aikin ƙungiyoyi ne irin su ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe ta NEDG da ƙungiyar kafafen watsa labarai ta BON, ko wani gidan talabijin mai zaman kansa. Gayyata ce, in ka ga dama ka amsa.

Daren Maris na 2011

Na kalli wannan muhawara a falon wani abokina a Gwale, mu wajen goma, da ƙaramin janareta yana ta ƙugi a soro saboda an ɗauke wuta tun la'asar. Tashar NN24 ce ta shirya, ranar 18 ga Maris, Kadaria Ahmed ce mai tambaya. Mutum uku suka zo: Janar Muhammadu Buhari na CPC, Nuhu Ribadu na ACN, da Malam Ibrahim Shekarau na ANPP, wanda a lokacin yake gwamnan Kano a zangonsa na biyu. Shugaba Goodluck Jonathan bai zo ba.

Duk wanda ya kalli daren nan ya san abin da ya faru. Malam tsohon malamin makaranta ne, kuma haka ya yi magana: cikin natsuwa, jumla na bin jumla, ba ya tuntuɓe, ba ya fusata. Janar ya yi irin tasa, gajerun amsoshi, ba ado. Ribadu ya zo da zafi. A falon namu har waɗanda suke jin haushin gwamnatin Malam sai da suka gyaɗa kai. Kafin gari ya waye jaridun Legas da masu rubutu a intanet, mutanen da yawancinsu ba su taɓa jin muryarsa ba, sun ba shi kambun. Na tuna wani abokin karatuna ɗan Kudu ya turo mini saƙo yana tambayata inda muka ɓoye wannan mutumin.

Da safe na tsaya wurin mai shayin unguwarmu, ina ta ba da labari da ɗoki. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ba ya rabuwa da ƙaramar rediyonsa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wannan Turancin da Malam ya zuba, ni aka yi wa?"

Na ce, "Baba, ai duk ƙasa aka yi wa."

Ya ce, "To waɗanda suka ji sai su zaɓe shi. Malam dai mun san ya iya magana tun kafin a haifi talabijin ɗin nan taku. Ni Janar zan yi."

Ranar 16 ga Afrilu aka yi zaɓe. Jonathan, wanda bai zo ba, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 22. Buhari ya samu sama da miliyan 12, Ribadu ya ɗan haura miliyan 2. Shekarau, gwarzon muhawara, bai cika miliyan ɗaya ba a duk faɗin ƙasar: kimanin dubu 917, kuma fiye da rabinsu daga Kano suka fito. A Kanon ma Buhari ya lunka shi sau uku, miliyan 1.6 da 'yan kai a kan dubu 526. Waɗancan 'yan Legas da suka yi ta tafa masa, ƙuri'arsu ba ta biyo tafinsu ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ANPP ta rasa kujerar gwamna, Kwankwaso ya kayar da Salihu Sagir Takai.

Ba ina nufin muhawarar ta cutar da Malam ba ne. Ta ɗaga sunansa a ƙasa baki ɗaya. Sai dai suna daban, akwati daban. ANPP ta riga ta zube a lokacin, Buhari ya fice da jama'arsa ya koma CPC, kuma jam'iyyar ba ta da ejan a dubban rumfunan zaɓe a Kudu. Minti casa'in na iya magana ba zai haifar maka da shugaban mazaɓa a Abakaliki ba.

Sauran labarin akwai ban dariya. A ƙarshen watan Maris ɗin aka shirya wata muhawarar, wannan karon mutum ukun suka ƙaurace don ramuwar gayya, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi.

A ina ake yanke hukuncin?

A nan ne, a ganina, aka fi yi wa al'amarin gurguwar fahimta. Muna zaton hukuncin wanda ya ci yana fitowa daga abin da aka faɗa a dandamali. A Kano, mafi yawan masu ƙuri'a ba su ga dandamalin ba. Da Turanci ake yi, da daddare, a tashar da sai kana da dish ko data, kuma sai an yi sa'ar wuta. Abin da yake kaiwa ga mai faci a Kurna ko matar aure a Ɗorayi labarin muhawara ne, wanda ya bi ta bakin wani kafin ya iso.

Bakin wa? Na farko, sojojin baka. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara yawa a Kano, daga buɗe Freedom a 2003, siyasar garin nan ta koma shirye-shiryen dare. Mutumin da zai zo ya fassara wa jama'a abin da aka yi yana da ubangida, kuma ubangidan ne yakan biya kuɗin filin. Ba zai ce gwaninsa ya yi in'ina ba. Zai ɗauko jumla ɗaya ta abokin hamayya, ya juya ta, ya sa mata gishiri da yaji, ya haɗa da habaici, kafin mako ya zagayo ta zama abin da kowa "ya ji da kunnensa".

Na biyu, guntun bidiyo. Muhawarar awa biyu takan koma daƙiƙa talatin a WhatsApp da TikTok: inda wani ya yi tuntuɓen harshe, inda ya share gumi, inda ya manta adadi. Matasan da ake saya wa data suna zaune da wayoyinsu tun kafin a fara, kowa yana jiran abokin hamayya ya zame. Bayanin minti uku a kan bashin ƙasa ba wanda zai yanko shi, don ba ya jan dariya.

Na uku kuwa zuciyar mai kallon ce. So hana ganin laifi. Ka zaunar da mai jar hula da ɗan APC a benci ɗaya su kalli abu ɗaya, za su tashi da labari biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu. Shi ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi da ake yi a shafukan sada zumunta bayan muhawara ba ta auna komai sai yawan magoya bayan da ke riƙe da waya a daren. A 2022 da 2023 irin wannan ƙuri'a a Twitter galibi magoya bayan Peter Obi ne suke cinye ta. A Kano ranar zaɓe ya samu ƙuri'a dubu 28 da 'yan kai.

Maganar harshe tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin tana da kaifi biyu. Muhawara da Turanci takan zama jarrabawar Turanci. Wanda ya iya lanƙwasa harshe sai a ce ya fi sanin aiki, wanda Hausa ko Yarabanci ya yi wa nauyi a baki sai a mayar da shi abin dariya, ko da abin da ya faɗa ya fi ma'ana. Amma kuma kada wannan ya zama mafakar malalaci. Akwai ɗan takarar da ko da Hausar Kano tsantsa aka tambaye shi yadda zai biya albashi, inda-inda zai yi.

Me ya sa manyan suke zillewa?

A zaɓuka huɗu da suka gabata, daga 2011 zuwa 2023, ba a taɓa ganin wanda ya ci da wanda ya zo na biyu sun fuskanci juna a muhawara ba. A 2015 Buhari da APC suka ƙi zuwa, suka ce masu shiryawar sun karkata ga gwamnati, kuma Buhari ya ci zaɓen, Kano kaɗai ta ba shi miliyan 1.9. Ranar 19 ga Janairun 2019 Buhari bai zo ba. Atiku ya iso har otal ɗin da ake taron a Abuja, da ya ga shugaban ƙasa ba ya nan sai ya juya. Aka bar Kingsley Moghalu, Oby Ezekwesili da Fela Durotoye suka yi muhawara mai tsafta, mai cike da tsare-tsare. Ezekwesili ta janye kafin zaɓe, sauran biyun kuwa ko an haɗa ƙuri'unsu ba su kai dubu 50 ba. A Nuwambar 2022 tashar Arise ta tara Kwankwaso, Obi da Kola Abiola, Ifeanyi Okowa ya wakilci Atiku, Tinubu bai je ba. Shi ma Kwankwaso ya ƙi halartar zaman da ƙungiyoyin Arewa suka shirya a Arewa House da ke Kaduna a watan Oktoba, bisa zargin an riga an tsayar da wanda za a mara wa baya.

Lissafin a fili yake. Wanda yake gaba ba abin da zai ƙaru da shi, asara ce kawai take jiransa: kuskure ɗaya ya isa a yi wata guda ana yawo da shi. Tsayawarsa kusa da ƙaramin ɗan takara ma kyauta ce ya yi masa, ya ɗaga shi zuwa sahunsa. Mai mulki kuma yana da ƙarin dalili, domin shi ne za a tambaya ina alƙawarin bara. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tunda kuma an gwada an ga ba a hukunta wanda ya gudu a akwati, me zai sa wani ya zo? Ba mu kaɗai ba ne: a Kenya Uhuru Kenyatta ya ƙi zuwa a 2017 ya bar Raila Odinga shi kaɗai, a 2022 Raila ya yi wa William Ruto haka.

To yaushe ta taɓa canza wani abu?

Masu kare muhawara sukan kawo 1993, lokacin da MKO Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC suka kara a NTA kwanaki kaɗan kafin zaɓen 12 ga Yuni. Jam'iyyu biyu ne kacal, tashar ƙasa ɗaya, saboda haka hankalin masu talabijin duk yana wuri guda. An fi yaba wa Abiola, kuma ya fi Tofa ƙuri'a har a Kano. Amma duk wanda ya san siyasar garin nan ya san ba daren talabijin ne ya jawo haka ba. Tsohuwar rundunar PRP ta Malam Aminu Kano, irin su Abubakar Rimi, tana cikin SDP, kuma su ne suke da talakawan da ke fita layi.

Misalin da ya fi ƙarfi na kwanan nan daga Amurka yake. Ranar 27 ga Yunin 2024 Joe Biden ya kara da Donald Trump, tsufa ya bayyana a muryarsa da tunaninsa a gaban duniya, ranar 21 ga Yuli ya janye. A lura da waɗanda muhawarar ta girgiza: manyan jam'iyyarsa ne da masu ba ta kuɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da fadawa suka daɗe suna rufewa ya fito. Bayan nan Kamala Harris ta kara da Trump a Satumba, akasarin masu sharhi suka ce ita ta yi nasara, ta faɗi zaɓe a Nuwamba. Haka aka yi wa Hillary Clinton a 2016.

A wajabta ko a bari?

An sha kai ƙudiri majalisar tarayya don a kafa hukumar muhawara a tilasta wa 'yan takara zuwa, har yau bai zama doka ba. Masu goyon baya suna cewa mai neman aikin gadi ma sai an yi masa tambayoyi, balle mai neman riƙe mutum sama da miliyan 200. Masu adawa suna tambaya: wa zai naɗa hukumar, in ba shugaban da ke kan mulki ba? Wa za a gayyata, tunda 'yan takara 73 ne a 2019, 18 a 2023? Kuma wane hukunci za a yi wa wanda ya ƙi, a hana shi takara alhali tsarin mulki bai ce haka ba? Ni dai ban ga doka za ta yi maganin wannan ba. Za a zo a karanta haddar da aka rubuto, a cika sharaɗi, a tafi.

Abin da talaka zai iya tsinta

Amfanin muhawara ga mai ƙuri'a ba ya cikin sanin wanda ya ci. Yana cikin tambaya ta biyu, wadda ba a yi a gangami. Kafin zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye ba. Amma mutum nawa ne a Rijiyar Lemo suka san manyan 'yan takara uku sun haɗu a kan wannan? Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500. Kuɗin adaidaita ya tashi, kwanon masara a Dawanau ya bi shi. Da an tsayar da su ukun a jere an ce: rana ɗaya za ka cire ko a hankali? Me za ka fara tanada kafin ka cire? Kuɗin da za a samu ina za su, wa zai duba? Da ko ba komai akwai maganar da za a riƙe mutum da ita yau, da muryarsa da fuskarsa.

An kuma gwada abin da ya fi kusa da mu. A Janairun 2023 sashen Hausa na BBC ya shirya wa 'yan takarar gwamnan Kano muhawara, Abba Kabir Yusuf da Nasiru Yusuf Gawuna suna cikin waɗanda suka zo. Da Hausa aka yi, kuma bambancin a bayyane yake: washegari mutane suna maimaita abin da ɗan takara ya faɗa da bakinsa, ba abin da sojan baka ya ce ya faɗa ba. Ba ta sauya wa masu jar hula ko 'yan Gawuna ra'ayi ba, amma gardamar da aka yi a majalisu ta fi ta kullum nama.

Ɗan takarar shugaban ƙasa ba lallai ya ji Hausa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amma tafinta ba ta gagari gidajen rediyon Kano ba, su da suke fassara wasan ƙwallon Turai kai-tsaye duk ƙarshen mako. In sun haɗa kai suka ɗauko muhawarar 2027 suka sa mata tafinta biyu, bayan sallar isha'i, ba tare da sun sayar wa kowace jam'iyya filin da ke biye da ita ba, dattijo mai goro zai ji ta a ƙaramar rediyonsa ko da wuta ko babu.